Gwangwanin ruwa biyu da suka kusa cinye mini shekarar ƙarshe a karatun injiniya

Ranar da aka liƙa takardar rabon sufabaizoji a allon sanarwa na sashenmu, farkon aji biyar ke nan, kowa ya taru ana leƙe ta kafaɗar juna, ni dai da na hango sunana a ƙarƙashin sunan Dokta sai da gabana ya faɗi. Mutumin ba ya zagi ba ya wulaƙanta ɗalibi, wannan kowa ya shaida, amma zai iya riƙe cafta ɗaya ya dawo maka da ita sau huɗu da jan biro har a bayan takarda, kuma shi ne ya koyar da mu kwas ɗin kankare a aji uku inda da yawa cikinmu suka kwashi kari-oba. Mu shida aka ba shi. Sati ɗaya bayan nan ya tara mu a ofis ya ce kowa ya kawo taken furojet uku, ni na kai nawa ya soke biyu a tsaye, na ukun ya ɗan yi shiru a kansa sannan ya ce "wannan za ka iya, amma fa akwai wahalar jiki." Taken shi ne a rage siminti a kankare a maye gurbinsa da tokar buntun shinkafa a ga ƙarfin da zai bayar.

Gaskiya lokacin na zaɓe shi ne kawai don na ga wasu sun taɓa yin irinsa kuma akwai abin karantawa da yawa a intanet. Shi ya zaunar da ni ya sa na fahimci me ya sa ma ake wahalar. Ya ce siminti idan ya haɗu da ruwa yana daskarewa ya bar wani sinadari mai kama da farar ƙasa a ciki wanda shi kansa ba wani ƙarfi yake ƙarawa ba, to idan ka sa masa toka mai laushi sosai kuma mai yawan silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, sai silikar ta kama wannan sinadarin su zama ƙarin abin da ke ɗaure yashi da tsakuwa. Ya ce Rumawa sun san wannan tun kafin a san simintin da muke amfani da shi, wanda sai 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila, su tokar dutse mai aman wuta suke ɗebowa daga wajen Pozzuoli kusa da Naples a Italiya, daga nan ma sunan fozolana da ake kiran irin wannan toka ya samo asali, kuma ƙubbar Pantheon da ke Rum mai faɗin kusan mita 43 tana nan tsaye kusan shekara 1,900 babu rodi ko ɗaya a cikinta. Sannan ya ƙara da cewa masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, don haka duk buhun da aka rage ba a banza ba ne. Na fito ofishin nan ina jin abin da zan yi ya fi ƙarfin neman maki.

Furofozal da cafta ta ɗaya da ta biyu ba zan tsaya a kansu ba, rubutu ne da gyara da sake gyara, muka yi semina a gaban malaman sashe aka ce a ci gaba.

Aikin gaske a lab yake, kuma a lab mai mulki shi ne Baba, teknishan ɗin da ya fi yawancin malamanmu daɗewa a sashen, wasu daktocin ma a hannunsa suka fasa kiyub ɗinsu na farko, wato dunƙulen kankaren da ake matsawa a inji a ga ƙarfinsa. Shi ya hana ni ƙona buntun a duro a fili kamar yadda na yi niyya, ya ce wutar da ba ka san zafinta ba toka biyu za ta ba ka, ko dai baƙa mai gawayi a ciki ko kuma wadda ta ƙone fiye da kima, don in zafi ya haura wajen digiri 800 silikar takan rikiɗe ta zama kamar yashi ta daina aiki da siminti. A tanderun lab muka ƙona a digiri 600, kaɗan-kaɗan saboda tanderun ƙarami ne, kuma buntu in ya ƙone kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke saura toka, sai da na yi sati uku ina wannan jigilar kafin na tara abin da zai ishe ni, sannan niƙa, sannan tankaɗe da rariya mai ido ƙanana har sai in ka murza ta a yatsa ka ji ta sulɓi kamar hoda.

Tsarin shi ne kwaɓi biyar, ɗaya siminti zalla, sauran an cire kashi 5, 10, 15 da 20 an sa toka. Kowane kwaɓi kiyub uku za a fasa a kwana 7, uku a kwana 14, uku a kwana 28, sai Dokta ya ce in ƙara uku-uku na kwana 90 duk da ya san ba za su shiga littafin ba don lokaci ba zai kai ba, ya ce toka a hankali take aikinta kuma yana son ya ga ƙarshenta. Kiyub 60 ke nan, kowanne milimita 150 ta kowane gefe. Ruwa kuma an ƙayyade shi, rabin nauyin siminti da toka a haɗe, wato 0.5, a kan sikeli ake auna shi kamar yadda ake auna komai.

To ranar da zan yi kwaɓin kashi 10 Baba yana wajen wani taro, ya bar mini mol, wato akwatunan da ake zuba kwaɓin a ciki, da shebur da sikeli amma teburin girgiza a kulle yake don bai yarda ɗalibi ya kunna shi shi kaɗai ba. Na auna komai daidai na kwaɓa, sai kwaɓin ya yi tauri ya ƙi juyuwa, tokar nan tana da ramuka ƙanana a jikinta tana shanye ruwa kamar soso, na yi gwajin silam, wannan gwangwanin mai kamar mazurari mai tsayin milimita 300 da ake cikawa hawa uku kowane hawa a soke shi da sandar ƙarfe sau 25 sannan a zare sama a ga yadda kwaɓin zai zauna, na zare ya tsaya ƙyam kusan bai motsa ba. Ga mol goma sha biyu na jira na shafe su da mai, ga siminti ya fara kamawa, ga hannuna ya gaji. Na ɗebi ruwa a gwangwanin da ke gefen famfo na zuba, na ƙara na biyu, nan take kwaɓin ya yi laushi ya shiga mol lafiya lau. Ban auna ruwan ba kuma ban rubuta a ko'ina ba. Wallahi a raina lokacin ban ɗauke shi komai ba, na ga ai ɗan kaɗan ne. Kwaɓin kashi 15 da 20 da suka ma fi tauri Baba yana nan, ya kunna tebur ya girgiza su suka zauna ba a ƙara ko ɗigo ba.

Kwana 7 da 14 na ga na kashi 10 yana baya amma na ce toka ce, za ta kamo. Ranar kwana 28 muka tsamo su daga tankin jiƙo muka goge muka ɗora a sikeli ɗaya bayan ɗaya Baba yana rubuta nauyi, sannan aka sa a injin matsa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban injin nan ba, allura ce take hawa a hankali kana jin kiyub yana ɗan ƙara ƙas-ƙas, sai gefensa ya fara tsagewa ya zube allurar ta tsaya, abin da ta nuna a ma'aunin kilonewton ka ninka sau dubu ka raba da faɗin fuskar kiyub wato murabba'in milimita 22,500 ka samu ƙarfinsa. Muna neman 25. Siminti zalla ya ba da 27, kashi 5 ya ba da 26, kashi 15 ya ba da 23, kashi 20 ya ba da 20, shi kuwa kashi 10 da duk takardun da na karanta suka nuna nan ne wajen da ya kamata ya yi kyau sai ga shi a 18. Giraf ɗina ya sauka rami a tsakiya ya sake hawowa, abin da ba shi da ma'ana ko kaɗan.

Saura sati biyar a miƙa littafi. Na nuna wa wani abokina sai ya ce kai ma dai, waye zai je ya tono kiyub ɗin da ya riga ya zama ɓaraguzai, ka sa 25 kawai layi ya miƙe. Ba zan ɗora masa laifi ba domin hannuna ne ya buga lambar. Na sa 24.6 da 25.1 da 24.9, na yi furintin na kai wa Dokta cafta ta huɗu.

Ya karanta tebur ɗin ya kai kusan minti biyu bai ce komai ba sannan ya ce in je in karɓo littafin lab wajen Baba. Ƙafata har rawa take a matakala. Da na kawo bai ma fara duba wajen ƙarfi ba, shafin nauyi ya buɗe ya sa yatsa, ya ce kiyub irin wannan in kankare ya zauna da kyau wajen kilo 8.1 yake yi, naka na siminti zalla haka suke, na kashi 20 sun ɗan ragu don toka ta fi siminti rashin nauyi, to ya aka yi na kashi 10 suka fi na kashi 20 rashin nauyi? Ya ce "kiyub mai wannan nauyin akwai iska a cikinsa, inda ruwa ya zauna ya bushe ya bar rami, ba zai taɓa ba ka 25 ba. Me ka zuba?" Na ce ranka ya daɗe ruwa na ƙara. Ya ce nawa? Na ce gwangwani biyu, ban auna ba. Ya ce lambobin nan fa? Na ce ni na canza su.

Na ɗauka zai tashi ya kai ni wajen kwamitin ladabtarwa a take, kuma da ya yi hakan da bai zalunce ni ba. Ya cire tabarau ya ajiye ya ce ƙara ruwan kuskure ne irin na mai koyo, tun 1918 Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da ka sa a kan siminti, ruwa ya ƙaru ƙarfi ya ragu, kuma yanzu na gani da idona ba zan ƙara mantawa ba. Amma canza lamba wani abu ne daban. Ya ce tunda daftari ne a tsakaninmu zai tsaya a nan, in kuwa da ya kai gaban malamin waje, wato wanda ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba furojet, da sa hannunsa a kai to shi da kansa zai rubuta rahoto a kaina. Sai ya ba ni labarin ginin Citicorp Center a Niyu Yok mai hawa 59 da aka gama a 1977, wanda ginshiƙansa huɗu suke tsakiyar kowane gefe maimakon kusurwa saboda wata coci da ke kusurwar filin. A 1978 wata ɗaliba a jami'ar Princeton, Diane Hartley, tana rubuta furojet ɗinta na digirin farko a kan ginin, lissafinta na iskar da ke bugowa ta kusurwa ya ƙi daidaita da alƙaluman da aka ba ta, ba ta gyara nata don ya yi daidai da na manya ba, ta tuntuɓi ofishin injiniyan. A shekarar ne injiniyan ginin William LeMessurier ya koma ya sake lissafi ya gano an ɗaure mahaɗan ƙarfen da bol da noti maimakon walda, kuma iska mai ƙarfi za ta iya kayar da ginin, ya je da ƙafarsa ya faɗa wa masu ginin, aka yi watanni ana walda da daddare ana liƙa farantan ƙarfe a mahaɗan. Dokta ya ce "ita ma lambar da ta ƙi zama ce ta samu, kamar taka."

Hukuncinsa shi ne in sake kwaɓin kashi 10 daga farko. Matsalar kwana 28 ba ya raguwa don kana sauri, in na zuba gobe sai sati huɗu cif sannan in fasa, ga rubuta cafta ta huɗu da ta biyar, ga gyara, ga bayindin, ga jarrabawar semista ta ƙarshe a tsakiya. Shi ya ɗauke ni ya kai ni ofishin shugabar sashe, Farfesa, ya sa na faɗa mata komai da bakina har da canza lambar. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta saurara har na gama sannan ta ce "ka san me ya sa nake sa hannu a shafin farko na littafin kowane ɗalibi?" Na ce a'a ranki ya daɗe. Ta ce masu tantance kwas idan sun zo sukan ce a ɗauko musu littattafan ɗaliban da suka gama su buɗe duk wanda suka ga dama, kuma ɗalibin baɗi zai ɗauki nawa a laburare ya gina nasa a kai yana ganin gaskiya ce. Ta ƙara sati ɗaya ga duk masu aikin lab a ajinmu, ba ni kaɗai ba don kar ya zama an fifita wani, da sharaɗi ɗaya a kaina, sakamakon farko na 18 ya fito a littafin tare da na biyu kuma in rubuta dalilinsa ƙarara.

Washegari da sassafe muka kwaɓa ni da Baba, sa'ar da na yi akwai ragowar toka. Da kwaɓin ya yi tauri ya dube ni ya ce "ɗana, taurin nan shi ma sakamako ne, rubuta shi." Na rubuta silam milimita 15. Ya kunna tebur muka girgiza har kumfar iska ta daina fitowa a sama, bayan awa 24 muka kwance mol muka jefa su a tanki na rubuta kwanan wata a jikin kowanne. Cikin satuttukan nan ne kuma jami'in jarrabawa ya kira ni wai babu sakamakona na wani kwas na aji biyu a fayil, na yi kwana uku ina zirga-zirga tsakanin sashenmu da sashen da ya koyar da kwas ɗin, malamin da ke kula da ajinmu ne ya bi ni da kansa har aka zaƙulo takardar. Duk mai shirin gamawa ya je ya duba fayil ɗinsa tun farkon shekara, kar ya jira sai an kira shi.

Kwana 28 na biyu ya ba da 24.8, nauyi kilo 8.0.

Ranar difens malamin waje farfesa ne daga wata jami'a, dattijo mai magana a hankali, ga shugabar sashe a gefensa ga sauran malamai, Dokta yana can ƙarshen tebur kuma ƙa'ida ba zai tanka ba. Minti goma aka ba ni na yi bayani, ina gamawa dattijon ya buɗe daidai tebur ɗin ya ce me ya sa kashi 10 yake da layi biyu? Na ba shi labarin ruwan kamar yadda ya faru. Ya ce to da ka ƙara ruwan me ya faru a cikin kankaren, na yi bayanin ramukan da nauyin da ya ragu. Ya ce kashi 20 fa, za ka zuba shi a ginshiƙin bene? Na ce a kan sakamakona a'a, bai kai 25 ba a kwana 28, sai dai a daɓen ƙasa ko wajen da ba ya ɗaukar nauyi. Sai ya yi tambayar da har yau nake tunawa, ya ce gobe kana wajen gini rana ta take, masu kwaɓi sun gaji sun ce injiniya a ƙara ruwa don ya yi saurin shiga tsakanin rodi, kai ne ƙarami a wajen kuma duk sun girme ka, ya za ka yi? Na ce zan hana, in kuma dole sai an sassauta shi to akwai sinadarin da ake sawa ya yi laushi ba tare da ruwa ba, ko a kawo injin girgiza, kuma zan ɗebi kiyub daga wannan kwaɓin in ajiye. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu ya ce in gyara jerin manazarta, shi ke nan.

Daga nan abin ya bar hannunmu, sakamako ya bi ta zaman malaman sashe, ya je zaman tsangaya, ya je majalisar jami'a ta amince, mu kuma muna yawon kiliyarans daga laburare zuwa lab zuwa ofishin kuɗi ana buga mana hatimi. Kafin mu watse shugaban tsangaya ya tara duk 'yan aji biyar na sassan injiniya, ya yi maganar gadar Kwibek a Kanada da ta rufta ranar 29 ga Agusta 1907 ana cikin gina ta ta kashe ma'aikata 75, an ƙara tsawon tsakiyar gadar amma ba a koma an sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba, kuma ya ce tun 1925 injiniyoyin da ke gama karatu a Kanada suke karɓar zoben ƙarfe su sa a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi, hannun da ke sa hannu a zane. Na sha jin irin wannan jawabin a aji ɗaya da aji biyu yana wuce ni, ranar kuwa ina zaune ina ganin 24.6 da 25.1 da 24.9 a idona. Bikin yaye ɗalibai da riga da hula sai bayan watanni aka yi, ya yi kyau, iyayena sun zo, Dokta ya gaisa da mahaifina ya ce masa yaron nan zai yi aiki, bai ƙara komai a kai ba.

Amma kafin bikin akwai kiyub na kwana 90 da suka rage a tanki, maki ya riga ya fita ba abin da za su ƙara mini ko su rage. Da na kwaɓin farko suka cika kwana 90 na koma mun fasa, siminti zalla ya hau zuwa 30. Wata ɗaya bayan nan na sake komawa saboda ukun nan na kwaɓi na biyu, lab shiru ba kowa ɗalibai suna hutu, Baba ya naɗe hannun riga ya tsamo su da kansa, ruwan tankin har ya yi fari-fari a sama. Muka goge muka auna muka sa na farko a inji, allura ta wuce inda ta tsaya a kwana 28 ta ci gaba da hawa har kusan 700 kafin ya tsage, sauran biyun ma kusa da haka, da na raba sai ga 31, ya ɗan haura siminti zalla. Baba ya sa hannu a ƙasan shafin ya sa kwanan wata. Na ɗauki hoton shafin na tura wa Dokta ta WhatsApp, ko minti biyar ba a yi ba ya dawo da amsa, "Madalla. Hoton ya yanke gefen nauyi, turo min." Na matsar da wayar na sake ɗauka, 8.0 da 8.1 da 8.0, na tura masa.